Kafin Ɗanliti Ya Sa Fenti

Ranar da Ɗanliti ya fara ganin Zuwaira, dariya ta yi masa. Ya jingine zanensa na hasumiyar Agadez a ƙofar shagonsa da ke Dagmanet, ita kuwa ta tsaya da ƙawayenta, ta karkata kai.

"Malam, hasumiyar nan gyangyaɗi take? Wanda bai fara da kireyo ba, ai haka fentinsa ke kaucewa."

Mutumin da ya zo saye ya juya ya yi gaba. Gaskiya ta faɗa, don Ɗanliti fenti kawai yake tsomawa ya afka wa ƙyalle, ba ya fara shatawa da kireyo, wato fensir, amma gaskiya a bainar jama'a ɗaci gare ta. Ya rantse da Allah sai ya rama: zai zana ta da leɓen raƙumi, ya rataye a bakin kasuwa.

To, a nan gizo ke saƙa. Kafin kowa ya gane ita ce, dole zanen ya fita daidai. Ya ɗaure ƙyalle, ya feƙe kireyo, ya riƙa zama tsallaken rumfar babanta, Malam Tanko maƙerin azurfa, inda take jiran kaya. Sai ya miƙe hannu, ya rufe ido ɗaya, ya auna tazarar idanunta da babban yatsa. Ya zana, ya goge, ya sake. Kwana ashirin yana ƙwafa, kullum gobe zai sa leɓen raƙumin. Sonta ya gama kama shi, shi kaɗai ne bai sani ba.

Ita ta fara turo saƙo ta waya: "Mai ido ɗaya, me kake aunawa?"

"Laifinki, Zuzu."

"Ka gama?"

"Kullum ƙaruwa yake."

Ana haka wani saurayi, Lukman, ya dawo daga haƙar zinariya a Djado da sabuwar mota, yana neman aurenta. Ya tsinci labarin rantsuwar wurin shan shayi, ya kai wa Malam Tanko da ɗuminsa. Tsoho ya ce kada Ɗanliti ya ƙara taka inuwar rumfarsa. Zuwaira ta sha kukanta ta ƙoshi, sannan ta rubuta: "Ashe fansa ce. Ni ma na iya. Juma'a magabatan Lukman za su zo."

Hankalin Ɗanliti ya tashi. Ya saɓi ƙyallen har zauren Malam Tanko, ya durƙusa.

"Baba, na yi rantsuwar, ba na musu. Amma ga abin da hannuna ya yi. Kireyo ne, ban sa fenti ba. Ga gom, in ta ga dama ta goge."

Tsoho ya sa aka kira Zuwaira, ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Har ɗan tabon gefen girarta, na faɗuwar ƙuruciya, yana wurinsa.

"Shekara arba'in ina awo," in ji shi. "Mai ƙiyayya bai da wannan haƙuri. Zuwaira, ke fa?"

Ta karɓi gom ɗin, ta ɗora shi a kan fuskar zanen, ta tsare Ɗanliti da ido har gumi ya jiƙa masa riga. Sai da ta ga ya kusa narkewa ta janye hannu.

"A sallami su Lukman, Baba. Amma rantsuwar nan fa?"

"Kaffara," in ji tsoho. "Azumi uku, sannan ya turo."

Tsakiyar bazara ce, kuma kowace azahar sai saƙonta ya shigo: "Mai zanena, yanzu na sha ruwan randa mai sanyi. Ya ƙishirwa?" Ya karanta, ya cije leɓe, ya yi murmushi.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Malam Tanko ya haɗa hannayensu.

"Kun rama, kowa ya rama, ya isa haka. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Zauren ya amsa da amin, mata suka rangaɗa guɗa.