Zomon Chepchumba

A jar hanyar garin Iten suka haɗu, wajen atisayen safe. Kibiwott na gudunsa cikin isa, sai wata siririyar yarinya ta wuce shi fuu a kan hawa, har da waiwayowa ta yi masa sannu da hutawa. Haushi ya sa ya bi ta, so ya hana shi juyowa. Chepchumba ke nan.

Shi zomo ne a harkar tsere: a biya shi ya ja zaratan da sauri, in hanya ta yi nisa ya koma gefe ya bar musu fili. Ita kuwa ko a jikinta, Zomona take kiransa.

Da maganar aurensu ta taso, mahaifinta, Arap Tuwei, shi ya kafe. Ya ce wanda ya saba tsayawa a tsakiyar hanya haka zai yi wa aure. Kimaiyo yake so mata, gwanin tsere mai lambobin yabo da mota. Da magiya ta ishe shi, ya yanke hukunci a gaban dattawa: su kara a tseren garin Eldoret, in Kimaiyo ya tsere wa zomo, magana ta mutu.

Ana saura kwanaki, Kibiwott ya hango ta a motar Kimaiyo. Kishi ya turnuƙe shi, ya tura mata saƙo: "Gaban mota ya yi miki kyau. Allah ya sanya alheri."

"Baba ne ya sa ya kai ni a gasa min ƙafa, sarkin fushi," ta amsa. "Ka ƙarasa kawai, Zomona. Ina bakin layi."

Ranar tsere Kibiwott ya ja gaba, har Kimaiyo ya fara haki. Amma sabo turken wawa. Suna isa inda ya saba ajiye aiki, ƙafafunsa suka karkata gefen titi da kansu. Kafin ya farga, Kimaiyo ya wuce. Tsoro ya kama shi, ya sake zabura a hanyar da bai taɓa takawa ba, ƙirji kamar zai tsage. Ya matso, ya ƙara matsowa. Da taku ɗaya Kimaiyo ya riga shi.

Kibiwott ya zube ƙasa yana kuka.

Chepchumba na riƙe da goran madara mai tsami, wadda ake shayar da gwani. Kimaiyo ya miƙo hannu yana murmushi. Ta wuce shi, ta durƙusa, ta kafa wa Kibiwott goran a baki. Ido ya koma kan tsoho.

Arap Tuwei ya tako zuwa gare su.

"An tsere maka, yaro," ya ce, "amma 'yata ta riga ni yanke magana. Ka turo iyayenka."

Bayan girbin masara aka ɗaura auren. Tsohon da kansa ya fesa musu madara don sa albarka, ya roƙa musu shanu, 'ya'ya da doguwar tafiya tare.