Ɓarawon da Ya Cire Takalmi

Ranar Litinin da hantsi, ana yayyafi, aka buga wa Sufeto Tapan Gharami waya cewa an fasa ɗakin ajiyar wani kamfanin ɗab'i a bayan kasuwar littattafai ta Kolkata. Ya bar shayinsa da zafinsa ya tafi.

Mai kamfanin, Sourjo Lahiri, yana tsaye a ƙofa da waya biyu a hannu. Kamfaninsa, Jonaki, littafin wasa yake bugawa, irin wasan nan da mutum shida za su kewaye tebur, ɗaya ya buɗe littafi yana jan labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin, a jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya yanke wanda zai tsira da wanda kada zai haɗiye.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Littafinmu, Kogin Fatalwa. Talatin da bakwai cikin ɗari shida. Jiya Lahadi da rana, ba kowa a nan."

"Kwamfutar can fa?"

"Ko taɓa ta ba a yi ba."

"Sauran yaushe za su shiga kasuwa?"

"Ba za su shiga ba. Jibi motar masana'antar takarda za ta kwashe su a niƙe. Kurakurai sun yi yawa a ciki. Yanzu a waya muke sayar da shi, mutum ya biya duk wata ya karanta."

"Abin da za ka niƙe jibi ka hana ni shan shayi a kansa yau?"

"Yallaɓai, littafi ɗaya in ya hau tebur, mutum shida ke nan ba za su ƙara biyana ba, har jikokinsu."

Lahiri yana magana yana tattaka yagaggun bangayen littattafai da takalminsa. Amma a kusurwa ɗaya wani ya tsince takardun ƙasa, ya jera su, ya danne da dutse. Sawun takalmin roba ya zo bakin ƙofa ya tsaya, daga nan sai sawun ƙafa tsirara a cikin ƙura. Gharami ya tuna kakarsa, wadda in ƙafarta ta taɓa takarda sai ta ɗauka ta kai goshi don girmama rubutu.

Ya zaro littafi ɗaya, ya ce a buɗe masa na waya. A bangon na takarda suna biyu ne: Bibhas Dolui ya rubuta, Shefali Dolui ta zana. Na waya kuwa sunan kamfani ne kaɗai. Zanen ma an sauya shi da wani mai sheƙi, har da matuƙin kwalekwale mai yatsu shida.

"Kuskuren ke nan? Sunayen?"

Lahiri ya zare littafin daga hannunsa. "Yarjejeniya ce. Sun sa hannu. Komai na kamfani ne."

Da la'asar Sufeto ya hau benen wani shagon shayi inda aka ce masu wasan na taruwa. Mai jan labarin wata malamar makaranta ce, Moyna Khatun.

"Mu da waya muke wasa, Yallaɓai. Na takarda ko a mafarki ban gani ba."

"To, ci gaba. Ni ɗan kallo ne."

Ya ja kujera. Abin mamaki ne ka ga lauya da tela da mai sayar da magani, gemu da furfura, sun zuba wa ƙwayar roba ido kamar ita ke raba kwana. Can sai gardama ta tashi. Telan ya ce kada ba ya cizon mai riƙe da fitila.

"Kai Rafik, ƙaryarka ta sha ƙarya!" Moyna ta buga tebur. "Yana nan a shafi na tamanin da huɗu, ƙasan zanen!"



"Malama," in ji Sufeto, "na waya ba shi da lambar shafi. Ja ake yi da yatsa har ƙasa. Ɗazu na gani."

Moyna ta dube shi. Sannan ta sa hannu ƙarƙashin gyalenta ta fito da littafin, manne da cikinta kamar jariri.

"A ƙofar gida na tsince shi. Ban san wanda ya ajiye ba."

Ya buɗe shafin farko. An yi rubutu da alƙalamin tawada shuɗiya: Ga Moyna, daga Shefali.

"Ina Shefalin take?"

"Ta rasu bara." Idonta ya kawo ruwa. "Wata uku bayan nan muka wayi gari zanenta ya ɓace daga wayoyinmu. Ba sanarwa, ba komai. Abin da muka biya aka shigo har aljihunmu aka sauya. Wannan ba sata ba ce, Yallaɓai?"

"Ba wanda ya kawo mini ƙararta."

Washegari da safe ya sami Bibhas Dolui a ɗakinsa na haya, tsoho siriri, yana ba wani hankaka mai ƙafa ɗaya ragowar shinkafa ta taga.

"Kawu, ina ka je ranar Lahadi?"

"Ni? Da waɗannan gwiwoyin? Ko masai sai na roƙe su."

"Ara mini alƙalaminka in rubuta."

Tsohon ya miƙa hannu. Babban yatsansa duk tawada ce, shuɗiya irin ta shafin Moyna.

"Wanda ya yi sata ɓoye kayan yake yi, Kawu. Kai kuma ka zauna kana sa hannu."

Bibhas ya dubi yatsan, ya yi 'yar dariya. "Littafi ba ya fita gidan nan ba sa hannu. Matata Shefali ce ta kafa dokar."

"Me ya sa talatin da bakwai?"

"Su ne waɗanda suka zauna a tabarmar nan suka gwada wasan, shekara tara, tana dafa musu shayi tana zane a gwiwarta. Ban ɗauki na kaina ba. Ni na haddace." Ya nuna ƙwayar lido a kan akwati. "Sai da na tambayi wannan. Na ce in ƙasa da goma ta fito, na haƙura. Uku ta fito."

"Amma ka tafi."

"Ƙwayar roba ce, ɗana. Me ta sani?"

Ya ce sau uku yana zuwa ofishin Lahiri ya roƙa a sayar masa da ko guda ɗaya. Aka ce masa ya sauke a waya, za a yi masa ragi.

Gharami ya fita baranda ya kira ofis, ya ce a je a rufe ɗakin ajiyar, sauran littattafan duk shaida ne. Kofur ya amsa masa cewa ba abin rufewa. Lahiri bai jira Laraba ba, tun jiya da yamma mota ta kwashe.

Kafin azahar 'yan sanda suka bi gida gida suka karɓo talatin da bakwai ɗin, aka ɗaure su da igiya, aka manna musu lamba. Sufeto bai sa wa tsohon ankwa ba. Ya riƙe masa hannu suka sauko matakala a hankali.

A bakin mota Bibhas ya ga ƙunshin, fuskarsa ta washe.

"An ce kayan shaida ba a taɓa su sai an gama shari'a, ko?"

"Haka doka ta ce."

"Shari'a kuma a garin nan takan kai shekara ashirin. To, kai na faɗa maka gaskiya, amma gaban alƙali cewa zan yi ban aikata ba. A yi ta ɗagawa. Lahiri ya niƙe su in ya isa."

Gharami ya san ɗakin kayan shaida na ofishinsu. Ko makon jiya sai da aka kwashe fayil uku da shebur, gara ta mai da su ƙasa.

"Ɗakin naku dai ba ya yoyo, ko ɗana?"

Ruwa ya fara saukowa da ƙarfi. Sufeto ya buɗe ƙofar baya.

"Sunkuya, Kawu, kada ka bugi kai."