Fayil Ɗaya a Fulash ɗin Sharhabilu

"Ba ni fulash ɗin da ke jikin makullinka."

Sharhabilu ya ɗago daga wayar da yake kwancewa, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Nazifa, ko gaisuwa babu? Ya hanyar Maradun? Ya su Yaya?"

"Lafiya lau suke. Fulash."

Ni kaina na san ban kyauta ba, amma da wuta na shigo Talata Mafara ranar. Tun rasuwar Innarmu, abin da ya rage mini nata shi ne saƙonnin muryarta da ke cikin mimorin wayata, sai kuma mimorin ya lalace. Sharhabilu na kawo wa. Shi ya koya mini kwamfuta a wannan shagon, shi ne kuma yake neman aurena, duk da ni ban taɓa buɗe baki na ce masa ina sonsa ba.

Ya ceto komai. Sai dai sunayen fayilolin duk sun ɓace, lambobi kawai suka rage, ba ka sanin na Inna daga hotunana na ɗaka sai ka buɗe. Ya rantse mini bai buɗe ko ɗaya ba.

Sai ga Zuhura, 'yar gwaggonsa da ta daɗe tana yi masa kwalliya ba ya gani. Har gidanmu ta je, wai ta zo gaishe mu.

"Ni dai na ga ya liƙa abin ji a kunne yana ta murmushi," in ji ta, a gaban Yaya Surajo. "Kuma fulash ɗin nan ko wanka zai shiga ba ya aje shi..."

Yaya dama neman dalili yake. Ya ce masu gyaran waya duk halinsu ɗaya, kwashe sirrin 'yan mata. In aka samu abu nawa ko ɗaya a hannun yaron nan, kada magabatansa su tako ƙofarmu.

Yanzu ga Sharhabilu yana cire fulash ɗin daga makulli. Na miƙa hannu na karɓa.

"Masoyiya, bari in..."

"Kada ka kira ni haka yanzu."

Na ja kujera, na jona fulash ɗin a kwamfutar shagon, na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni.

"Ba zan leƙa kayanka ba," na ce. "Fayilolina da ka ceto zan kwafa zuwa cikin fulash ɗin. Kai ka koya mini in riƙa ƙara -i a bayan cp, umarnin kwafa, ko ka manta? In kwamfuta ta tarar da fayil mai suna iri ɗaya a can, sai ta tsaya ta tambaya kafin ta danne shi."

"Ban manta ba," ya ce a hankali.

Na danna.

Ko numfashi ban gama saukewa ba ta tsaya. A fayil na farko! Tana tambaya ko ta danne wanda ke ciki.

Idona ya kawo ruwa. Wallahi na so a ce Zuhura ƙarya ta yi.

Na ce mata a'a, sauran suka wuce tiryan-tiryan har ƙarshe, ba ta sake tambayar komai ba.

"Ka rantse mini, Sharhabilu!"

"Na yi ƙarya," ya ce, kansa a ƙasa. "Na buɗe na farko don in tabbata aikin ya yi. Da na ji abin da ke ciki sai na kasa rabuwa da shi. Sauran ban taɓa su ba."

"Wa ya sani ko ka sauya wa wasu suna ka ɓoye?"

"Duba duka. Na yarda."

Na goge waɗanda na kwafa yanzu, sannan na duba. Darussan ɗalibansa ne da karatun Alƙur'ani, sai wannan guda ɗaya.

"Mi ke ciki?"

"Kada ki kunna shi a nan..."

Ai kuwa na kunna, har da ƙara sauti.

Muryata ce ta cika shagon. "Sharhabilu... ni fa ina sonka. Na rasa yadda zan faɗa maka ne..." Sai dariya, sai tsaki. Saƙon da na ɗauka bara, kunya ta hana ni turawa, na goge shi, ashe ceton ya dawo da shi.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Mai rake da ke bakin ƙofa har da leƙowa.

"Kullum sai na saurare shi," ya ce. "Kin ƙi faɗa mini da bakinki, shi kaɗai gare ni."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa bai sake ni ba. Na rubuta umarnin gogewa, shi ma da -i. Kwamfuta ta tambaya ko da gaske nake. Sharhabilu ya runtse ido.

Na ce mata e.

"Ba naka ba ne tunda ban ba ka ba," na ce. "Kuma ba ni zan yi wa Yaya ƙarya ba."

"Ni zan faɗa mishi."

Ranar Juma'a ya hau babur ya zo Maradun. Ina laɓe a zaure na ji ya zayyana komai, bai rage ba. Yaya ya ce wanda ya kawo ƙarar kansa ya fi ƙarfin tsegumin Zuhura, ya turo manyansa.

Da na rako shi bakin babur, sai ya miƙo mini wani sabon fulash.

"Na ajiye saƙonnin Inna ne. Ki saurara ki ware su, ki sa musu suna da kanki."

Na karɓa na riƙe shi gam.

"Sharhabilu."

"Na'am?"

"Ina sonka. Wannan na ba ka."