Kujerun Fijon Likita

A bakin kasuwar Dogarawa Mas'udu ya fara ganin Saude. Shi direban likitan Ƙonni ne, ya buɗe ƙofofin motar likitan, Fijo, a tsakar rana yana ta dirzar kujerun fata da omo da buroshi, gumi sharkaf.

Ta tsaya da kwanon abinci a kai, ta riƙe baki.

"Bawan Allah, mi fatar ga ta yi maka?"

Ya ɗago zai ba ta amsa, buroshi ya suɓuce ya faɗa bokiti. Shi ke nan fa, Mas'udu ya kamu.

Ashe 'yar Malam Takama ce, babban badukun garin, mutumin da ko takalmin fata ya gani a rana sai ya mai da shi inuwa. Ranar da Mas'udu ya je gaisuwa, tsohon bai ko dube shi ba, motar ya leƙa. Kujeru sun bushe ƙamas, har sun fara tsagewa.

"Kai ka yi wannan aika-aika? Wanda ba ya tausayin fata ba ni ba shi ɗiyata. Ka gyara su, sannan mu yi magana."

Akwai wani jandarma, Iliyasu, da shi ma ke zarya gidan neman Saude. Ya ja Mas'udu gefe kamar mai ƙaunarsa.

"Man shanu, abokina. Ka lafta shi da yawa, ka rufe gilas."

Wayyo Mas'udu! Ƙwarya guda ya shafe. Washegari mota ta ɗau wari, tururuwa suka yi layi daga taya har sitiyari. Likita ya zauna da farar rigarsa, ya sauka buro, wato ofishinsa, da tambarin maiƙo a baya. Labari ya riga Mas'udu isa Dogarawa, Iliyasu na dariya har da buga ƙafa.

Kwana uku Mas'udu bai ci abin kirki ba. Sai ga wasiƙa ta hannun ƙanwar babar Saude:

"Direbana, na yi dariya, kuma na yi kuka. Kai motar ƙarƙashin iccen bedi. Jiƙa tsumma mai laushi ka matse shi sosai, sabulu ɗan kaɗan, ka goge a hankali. Bari ta sha iska a inuwa. Mai kuwa, abin da kan yatsa ya ɗauka, ka gwada a lungu tukuna, ka murza, ka share da busasshen ƙyalle. Kada ka yi gaggawa, ina nan. Taka, Saude."

Ya amsa: "Hasken idona, wallahi ko omo na gani a kanti kau da kai nake."

Wata biyu yana lallaɓar kujerun nan kamar jariri. Ran gwaji Malam Takama ya sanyo farar babbar riga kar. Ya danna fata da yatsa, ya shinshina, ya zauna, ya murza jiki. Mas'udu ko numfashi ba ya yi. Tsohon ya fito, ya juyo bayan rigar ya duba. Fes!

"To, ka turo manyanka."

A motar aka kai amarya Ƙonni, Iliyasu ne ma ya tare motoci ya buɗe musu hanya, fuska a murtuke. Kafin a tashi, Malam Takama ya sunkuyo ta taga, idonsa ya kawo ruwa.

"Mas'udu, ka riƙe min ita yadda ka riƙe kujerun ga. A hankali, kuma a inuwa. Allah shi yi muku albarka."

Daga cikin lulluɓi Saude ta ce ƙasa-ƙasa, "Amin. Amma ni man shanuna, Direbana, ba kan yatsa ba, a cika min ƙwarya."