Lamba Sittin a Cikin Ambulan

Saura kwana uku a yi jarrabawar malaman jinya, sai aka wayi gari tambayoyin suna yawo a wayoyin ɗalibai. Ƙarfe tara Sufeton 'yan sanda ya isa ofishin shirya jarrabawar, Saje na biye da shi. Sun tarar da Darakta yana safa da marwa, gumi ya jiƙa masa kwala.

"Ba sai ka wahala ba, Sufeto," in ji Darakta. "Ambulan ɗin mabuɗin tambayoyin na nan kulle cikin akwatin ƙarfe, hatiminsa ko ƙwarzane babu. Wadda ta tsara kullen ita ta bar wa kanta ƙofa. Zuwa ƙarfe huɗu nake so a gurfanar da ita."

Injiniyar da ta tsara kulle tambayoyin a na'ura na zaune a kusurwa, ta matse jakarta a ƙirji. Ko shekara ba ta yi da kama aikin ba.

"Yi min bayani yadda za ki yi wa kakarki," Sufeto ya ce.

"Yallaɓai, muna juya tambayoyin su koma shirme, sannan mu aika wa kowace cibiya. Kowa ma ya gani, ba zai karanta ba. Lamba sittin ce ke warware su, ita ce mabuɗin, kuma sai safiyar jarrabawa ake fitar da ita."

"Wa ke zaɓar lambobin?"

"Ba wanda ke zaɓa. Ɗan lido ake jefawa sau sittin a rufaffen ɗaki. Mutum ɗaya na jefawa yana rubutawa, ɗaya na shaida. Ana caje su shiga da fita. Ba mai iya haddace lamba sittin a gani ɗaya." Ta dubi Darakta. "Wallahi ban bar wata ƙofa ba."

Bana Kawu ne ya jefa, tsohon akawun da ya shekara talatin a ofishin. Kowa Kawu yake ce masa, har Darakta.

"Na jefa, na rubuta, aka shigar a na'ura, aka liƙe takardar a ambulan," ya ce a natse. "Ɗana, ni ko lambar wayata sai na duba takarda."

Sakatariya ce shaida. "A kan idona aka yi komai," ta ce, tana kallon takalminta.

Sufeto ya sa aka kai shi ɗakin. Tebur ɗaya, gwangwanin jefa ɗan lido, sai kujera biyu. Ɗaya na jikin tebur, ɗayar can bakin taga.

"A ina kika zauna, Malama?"

Ta nuna ta bakin taga, sannan ta yi saurin sauke hannu.

Saje ya zauna a kai ya miƙa wuya. "Oga, daga nan ko raƙumin dawa ba zai hango cikin gwangwanin ba."

Sakatariya ta fashe da kuka. "Sa'an babana ne! Ta yaya zan tsaya masa a ka kamar na kama ɓarawo? Amma ina jin ƙarar jifan, wallahi ina ji."

Ƙarfe biyu ta wuce. Jin ƙara ba hujja ba ce, zama a taga kuma ba laifin kotu ba ne. Darakta ya leƙo karo na uku yana nuna agogo. Sufeto ya ce a fasa ambulan, a kuma ɗauko takardun mabuɗan shekarun baya.

Ya jera su a tebur. Lambobi ne kawai, daga ɗaya zuwa shida, har idonsa ya fara yaji. Ya tura wa Saje gwangwanin. "Jefa min sau sittin."

Saje na jefawa yana faɗa. "Biyar. Biyar. Kai, biyar kuma! Da a gida ne da yara sun ce maguɗi na yi."

Sufeto ya ɗago kai. Ya bi takardar bara da yatsa: uku, uku. Can gaba shida, shida, shida. Ta bara waccan ma haka. Ya dawo kan ta bana, ya bi ta har sau biyu. Babu inda lamba ta bi 'yar'uwarta.

Ya kira Injiniya. "Wannan zai iya faruwa?"

Ta karanta, leɓɓanta na motsi. "A jifa sittin ya kamata a samu maimaici wajen goma. A rasa ko ɗaya, sai a yi dubun dubatar gwaji ba a gani ba. Mutum ne ke gudun maimaita lamba, don gani yake za a gane shi. Ɗan lido ba ruwansa. Yallaɓai, wannan daga kan mutum ta fito."

Aka dawo da Kawu. Sufeto ya kife takardar.

"Kawu, ka girgiza gwangwani don ta ji ƙara, amma abin da ka haddace a gida ka rubuta. Ko in faɗi na farko ka ƙarasa min? Huɗu, ɗaya, shida..."

Tsohon ya dubi tebur. "Biyu," ya ce a hankali. "Wata guda ina bitar su a hanyar zuwa aiki."

"Don me, Kawu?" Darakta ya tambaya.

"Autata. Sau uku tana faɗuwa, bana ce damarta ta ƙarshe. Lokacin cin abinci na buɗe tambayoyin a na'urar ofis na kwafa mata. Na ce kada ta nuna wa kowa. Ta nuna wa ƙawarta." Ya juya wajen Injiniya. "'Yata, tun safe nake kallon ki a kusurwar nan. Na so in yi magana, bakina ya ƙi. Ki yafe min."

Injiniya ta ajiye jakarta a kan tebur.

Saje ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Kawu ya miƙe da kansa, ya gyara hula. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Sufeto, yarinyar fa? Za a bar ta ta zauna jarrabawar?"

Sufeto ya buɗe masa ƙofar mota. "Shiga, Kawu. Ita ma sai mun je mun ɗauko ta."