Bindigar Italiya da Zarton Fuseini

"Kowa ya kwanta!"

Ba kowa a gidan sai Gwamma, tana tuƙa tuwo da tsakar rana.

"Ɗan nan, gwiwata ba ta kwantuwa. Me kuke so?"

Alidu, shugaban 'yan fashin, ya faɗa ɗaki. Ga ta a bango! Bindigar farauta mai baki biyu, ƙirar Italiya, an zana mata tsuntsaye a ƙugu. Wani injiniya Bature ne ya bar wa mijin Gwamma, kukunsa, a nan Dapaong. Alhaji Nourou, dillalin tsofaffin kaya a Sokodé, ya rantse kuɗinta zai saya wa Alidu tirela, ya tuba da fashi har abada.

Alidu ya sauko da bindigar. Yaronsa Fuseini ya sha muciyar Gwamma a ƙeya — ƙwal! Suka haye moto, wato babur, sai kudu.

Da jandarma suka zo, Gwamma ba ta bar tuƙi ba.

"Ku buga waya Sokodé, unguwar Kpangalam. Mutum ɗaya ya san darajarta. Sau uku yana zuwa da goro in sayar masa."

A garin Mango, Alidu ya ci sakwara, barci ya kwashe shi a kan benci. Da ya farka, ya tarar da Fuseini rungume da buhu, yana murmushi.

"Patron, maigidana, na rage maka aiki."

Alidu bai tambaya ba. Tirelarsa yake tunani.

A Sokodé, Alhaji Nourou ya sa tabarau, ya wanke hannu.

"Abu uku zan duba. Lamba, hatimin Italiya a ƙarƙashin baki, da tsawon bakin. Buɗe!"

Fuseini ya zazzage buhu. Wani gajeren abu ya faɗo, baƙi ƙirin, yana warin fenti.

"Ina... ina sauran?"

"Na yanke da zarto. Doguwa ba ta shiga riga, Alhaji."

"Lambar fa?"

"Haba! Wane ɗan fashi ke yawo da lamba? Na kankare tas."

"Tsuntsayen?"

"Tsatsa ta kama su. Na goge da yashi, na shafa fentin keke."

Alhaji ya zauna a ƙasa daɓas, hularsa ta gangara.

"Yanzu nawa za ta yi?" in ji Alidu.

"Kai wa masu gwangwan, su auna a sikeli!"

Alidu ya shaƙe Fuseini. Ƙofa ta buɗe — garam! Jandarma!

Fuseini ya ƙwace, ya nuna wa shugaban jandarma Alidu da yatsa. "Shef, shi ne patron! Ni gyara kawai na yi!"

Alidu ya miƙa hannuwansa da kansa. "Ku sa mini ankwa. Alfarma ɗaya nake roƙo, kada ku haɗa ni ɗaki da wannan."

Shekara bakwai bakwai aka yanke musu. An mayar wa Gwamma guntun ƙarfen, tana tokare ƙofar akurki da shi. Alhaji, ban da tarar da aka ci shi, har yau ba ya son ganin zarto.

Gidan yarin kuwa ya cika maƙil. Tabarma ɗaya aka ba su, su biyu.

"Patron," in ji Fuseini, "amma dai fentin ya yi kyau, ko?"