Rigar da Baba Bai Juya Ba

Kofin shayin da Baba ya jefa bai samu Auta ba, a jikin keken ɗinkinsa ya tarwatse.

"Sake faɗa in ji! Wa za ki aura?"

"Dogo mana, Baba," ta ce. "Kai da bakinka ka ba shi ni..."

Tas! Marin sai da ya kai ta ƙasa. Umma ta fito daga kicin a guje tana salati, amma ko kallonta bai yi ba.

Shekara talatin Baba yana tela, kuma da wani yankan wuyan riga aka san shi, wanda bai koya wa kowa ba sai Dogo, saurayin da ya yi shekara bakwai a shagonsa kafin ya buɗe nasa. Wannan abu ya daɗe yana cin ran Yaya, babban ɗan gidan, wanda ko zare bai iya zura wa allura ba, sai iya kai gulma. Shi ne ya miƙa wa Baba waya da safen nan: ga tallan wani butik, wato shagon kayan sawa na zamani, yau za a baje sabbin kayan lokacin zafi na matasan dizainoni biyar masu zana tufafi, ga rigunan Dogo a sahun gaba da wuyan Baba sak!

"Ɓarawo ne!" in ji Yaya. "Ya sace sana'arka, yanzu kuma 'yarka yake so."

Baba ya suri babban almakashinsa ya fice. Auta ta bi shi ko takalmi babu, kumatunta na zogi, Yaya ma ya rufa musu baya.

Butik ɗin cike yake da kwastomomi. Kowane dizaina da layinsa, Madam mai wurin tana zagayawa tana raba murmushi. Dogo na hango Baba ya taho da fara'a, yana shirin rusunawa.

"Baba, ashe ka samu saƙo..."

Bangaje shi Baba ya yi. Ya cafki rigar farko ya keta ta daga wuya har ƙasa. Ta biyu, ta uku! Ya hankaɗe mutum-mutumin da ke sanye da ta huɗu, ya faɗa kan madubi, gilashi ya watse ko'ina. Mata suka hau ihu suna tattake juna a bakin ƙofa.

"A kira 'yan sanda!" in ji Madam.

"Kar a kira kowa, ubana ne!" Dogo ya daka tsawa.

Auta ta faɗa kan rigar ƙarshe ta rungume ta. Baba idonsa ya rufe, ya riga ya kawo sara. Dogo ya tare da hannun dama.

Wayyo Allah! Jini har kan farin tayil. Dogo ya durƙushe, amma bai ɗaga ɗaya hannun ya rama ba. Auta ta fizgo rigar, ta juya cikinta tana kuka don ta ɗaure masa raunin. Nan ta tsaya cak.

"Baba, duba! Don girman Allah, duba!"

A cikin wuyan rigar akwai ɗan tambari da aka ɗinka da jan zare: "Yankan Baba, ɗinkin ɗalibinsa." Baba ya ɗauki wata a ƙasa ya juya. Haka. Wata ma haka.

"Sau uku na je gida neman izininka," Dogo ya faɗa yana cije leɓe. "Yaya ya ce ba ka nan, amma ka amince. Waccan kujerar ta gaba ma taka ce."

Aka waiga, babu Yaya babu dalilinsa.

Almakashin ya suɓuce daga hannun Baba. Shi da kullum yake ce wa masu koyo kada su yaba ko su kushe ɗinki sai sun juya cikinsa, yau shi ne bai juya ba. Auta ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba sai ranar, kuma wallahi tausayinsa ta ji, ba haushi ba.

An ɗinke hannun a asibiti, amma yatsu biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Dogo bai kai ƙara ba, bai kuma fasa auren ba. Da Baba ya je neman gafara, cewa ya yi, "Haba Baba, ai kai ka koya wa hannun aiki."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Da lokacin sanyi ya zo, Madam ta ba su layin gaba, aka sayi kayan tas cikin kwana uku. Haƙurin Dogo ya ba shi mata da uba, fushin Baba kuwa ya bar masa nadamar da ba ta gogewa. Don haka, 'yan uwa, kada ku hukunta mutum da maganar wani, ku bincika tukuna.

Har yau Dogo ba ya iya riƙe almakashi. Shi yake zana, Auta ta ɗinka, kullum da sassafe kuma Baba yakan zo shagon da wancan almakashin, ya zauna ya yi masa yanka.